Nazeefa Mai Lemon Kurudu

"Da gaske ne kin yi zaman gidan yari?"

Nazeefa na riƙe da kofin shayi. Ta ajiye shi a hankali, ta ɗago ta dubi Hajiya, mahaifiyar Abdulmajeed. Yau ne ya fara kawo ta gidansu na Garki don ta gaishe ta. Can gefe Kauthar, 'yar ƙanwar Hajiya, tana danna waya kamar ba ita ta kawo labarin ba.

"Hajiya, don Allah..." Abdulmajeed ya fara.

"Ba da kai nake ba."

Nazeefa ta ce, "Gaskiya ne, Hajiya. Shekara huɗu na yi."

"Sata kika yi?"

"A'a. Mutum na kaɗe da mota... ya rasu."

Hajiya ta gyara mayafinta, ta mayar da fuskarta ga talabijin.

"Ki gaida gida."

Har bakin titi Abdulmajeed ya biyo ta yana kiran sunanta. Ba ta juyo ba, don ba ta son ya ga hawayenta.

A da, Nazeefa ma'aikaciya ce a wata ma'aikatar gwamnati, lokacin da Abuja ke ta haɓaka, ko'ina gini, kowa da sabuwar waya. Ta sayi mota, an sa mata ranar aure. Wata safiya tana tuƙi tana hira a waya, ta kwashi wani ɗan acaɓa mai 'ya'ya uku. Ba ta yi gardama a kotu ba. Tana tsare saurayinta ya auri wata, tana tsare mahaifinta ya rasu. Da ta fito, yayanta Saleh ya tare ta a ƙofar gida ya ce matarsa ba za ta iya zama da ita ba.

Mama Lydia ce, wata tsohuwar manomiya a Kurudu, ta ba ta ɗaki ba tare da dogon bincike ba. A nan ta fara matse lemo da abarba tana kaiwa ofisoshi. Wajen sarin kaya a Zuba ta haɗu da Abdulmajeed, dillalin lemo mai digiri, wanda ya gaji da neman aiki ya kama kasuwa. Tun ranar da ya ce yana sonta ta faɗa masa komai. Ya saurare ta har ƙarshe, sannan ya ce, "Na ji. To yaushe zan zo zance?"

Kauthar kuwa ta daɗe da sa rai da shi, kuma a tsohuwar ma'aikatar Nazeefa take aiki. Ba ta tsaya kan Hajiya ba. Cikin sati guda labari ya zaga ofisoshi. Masu gadin da suka saba wasa da ita suka koma cewa, "Oga ya ce kada ki shigo." Nazeefa ta dawo da kularta cike, ta rabar wa maƙwabta lemon kafin ya lalace.

Da yamma Abdulmajeed ya zo, ya same ta tana wanke robobi.

"Zeefa, ki dube ni mana."

"Ka daina zuwa, Yaya Majeed."

"Rabin raina, ni na san ko wacece ke..."

"Ni ma na sani, shi ya sa. Na raba wasu yara da ubansu, ba zan raba ka da uwarka ba."

"To ni fa? Yaya zan yi da zuciyata?"

"Ka yi haƙuri," ta ce. "Ana iyawa. Ni na gani."

Ta shige ɗaki ta rufe ƙofa. Tana jin sa tsaye a waje har aka kira magariba, sannan takunsa ya yi nisa.

Damina ta sauka. Nazeefa ta daina zuwa Zuba, ta koma bin Mama Lydia gonar doya. Wayarta takan wuni ba ta yi ƙara ba. Ta ci abinci ita kaɗai, ta yi sallah, ta zauna tana kallon ruwa na zuba daga kwano. Zaman gidan yari ma akwai abokan hira. Wannan kaɗaicin ya fi shi nauyi.

Abdulmajeed bai saɓa wa mahaifiyarsa ba, bai kuma sake zuwa Kurudu ba. Amma da aka yi masa maganar Kauthar, sai ya ce, "Hajiya, idan umarni ne zan bi. Sai dai zan cuce ta, don ba na sonta." Ya rame, ya daina dariya. Hajiya ta zuba masa ido har abin ya ishe ta.

Wata Juma'a ta sa aka kai ta Kurudu. Ta tarar da Mama Lydia tana ɓarar gyaɗa.

"Nazeefa ba ya nan," in ji tsohuwar da irin Hausarta. "Kowane Juma'a yana zuwa Karu, wajen Larai, matan mutumin da ya mutu. Yana kai doya, yana wanke kayan yara."

Hajiya ta zauna kan benci ta jira.

Da la'asar Nazeefa ta shigo, laka har gwiwar zaninta. Tana ganin baƙuwar ta durƙusa.

"Matar ta yafe miki?" Hajiya ta tambaya.

"A'a, Hajiya. Shekara guda ina zuwa ko kallona ba ta yi. Amma yanzu tana amsa gaisuwata."

"Idan har abada ba ta yafe ba fa?"

"Haƙƙinta ne. Zan ci gaba da zuwa."

Hajiya ta daɗe tana kallon ta, tana kallon hannuwanta da suka yi kanta.

"Na zo ne in roƙe ki ki bar garin nan, ko ɗana ya manta da ke," ta ce a hankali. Ta goge ido da bakin mayafi. "Wane ne waliyyinki?"

Nazeefa ta ɗago da sauri. "Yayana Saleh... amma ba ya ɗaukar wayata."

"Ba ni lambar. Tawa zai ɗauka."

Bayan ƙaramar Sallah aka ɗaura aure a wani ƙaramin masallaci a Garki. Saleh ya zo, ya ba da auren, kansa a sunkuye. Kauthar ba ta zo ba, dangi da yawa ma haka. Mata biyar ne suka raka amarya, Mama Lydia a gaba tana guɗa iya ƙarfinta.

Da kowa ya watse, Abdulmajeed ya shigo ya zauna a gabanta, ya ɗaga mayafin.

"Zeefa, kuka kuma?"

"Na saba idan mutane sun tafi, ni kaɗai nake ragewa."

Ya riƙe hannunta gam.

"Yau dai ki ƙirga da ni," ya ce. "Ni nan ne gidana."