Ƙarfin Na Baya

Duk wanda ya san kokawa a ƙasar Gaya ya san ba a zubar da ƙarfi a karon farko. Ban da Maiwada na Kademi, sarkin garaje. A kakar 1968 aka sa gasa hawa uku: ƙauye, gunduma, sannan karon ƙarshe a Gaya, inda gwani zai tafi da bijimai biyu da garma. Maiwada ya san halinsa, kafin hawa na biyu numfashinsa ya ƙare. Maimakon ya koyi tattali, sai ya nufi wani boka a kurmin bayan Gafasa.

Da rana tsaka ya isa, amma bukkar duhu ƙirin. Ga baƙar tukunya a kife, ga ƙahon rago cike da busasshen jini, ga igiya mai ƙulli uku tana lilo ba iska.

"Kowane hawa ka kwance ƙulli ɗaya," in ji boka. "Ƙarfin na baya zai zo maka."

"Na baya, wato waɗanda na kayar?"

"Na baya dai na ce."

Maiwada ya karɓi igiyar ya tafi.

Ya kwance na farko, ya yi kaye a Kademi. Washegari ƙanensa Tukur ya faɗi a gona, bai tashi ba. A wajen ta'aziyya wani dattijo ya dafa shi ya ce Allah ya raya na baya. Ya gane, wallahi ya gane. Amma bijiman suna yi masa gizo, ga shi ya haye hawa ɗaya. Ya kwance na biyu, 'yarsa Hure ta kwanta kwana biyu ta cika. Ya ce wa ransa in ya tsaya yanzu sun mutu a banza, ya kwance na uku.

Ranar da ya shigo Kademi da bijimai, makaɗa na binsa, ya tarar matarsa Kulu ta haihu, ɗan bai zo da rai ba. Gyaɗa ta yi masa albarka, ya yi rufin kwano, ita kuwa Kulu ta zautu, tana goya taɓarya tana rarrashi.

Ba wanda ya zarge shi, abin da ya cinye shi ke nan. Mutane na tausaya masa suna yabon haƙurinsa, shi kuwa ko amin ba ya iya cewa. Haka ya ƙare a kango, ba mai gado.

Ku ji tsoron kwaɗayi, jama'a. Na farko a ce bai sani ba. Sauran biyun fa?