Kwana Talatin na Ticha

"Ba zan ba shi ke ba, Auta. Ki cire wannan magana daga ranki."

Baba bai ko ɗago kai ba, yana ta fama da murfin rediyonsa. Ni kuwa ina durƙushe a gabansa, ko rigar aiki ban cire ba.

"Baba, ko ganinsa fa ba ka yi ba..."

"In ga me? Baƙo ne. Na san baƙo tun kafin a haife ki."

Gaskiyarsa, ya sani. Baba da ƙafarsa ya shigo ƙasar nan shekara talatin da suka wuce, daga shi sai jaka ɗaya. Ya yi dako, ya yi gadi, ya yi sharar asibiti, har Allah Ya sa ya samu takardar zama ɗan ƙasa, ya auri Ummanmu, 'yar gari. A nan aka haife mu duka.

Shi kuwa Ticha, a kamfanin wanki da guga muka haɗu, inda ake kawo zannuwan gado daga otal-otal. Mu kusan arba'in ne, daga ƙasashe bakwai. Lokacin cin abinci kowa sai ya nemi masu jin yarensa, 'yan gari a benci, baƙi a gindin katanga. Lissafi yake koyarwa a ƙasarsu kafin yaƙi ya rufe makarantu, shi ya sa aka laƙaba masa Ticha, da farko ma don tsokana.

Shi ke zura zani a babban injin guga, ni ke karɓa ta ɗaya gefen in ninke. Ranar da ya fara yi min magana, ya so ya ce na iya ninki, sai ya ce, "Kin iya ninƙaya sosai." Ɗakin ya kwashe da dariya, shi ma ya taya su. Tun daga ranar nake gyara masa harshe, har ya kai ga iya faɗa min abin da ke ransa ba tare da tuntuɓe ba.

Shekara biyu muna haka. Muna shirin ya turo manya, sai ƙaddara ta riga mu.

Wata safiya zani ya naɗe a bakin injin, ya kai hannu zai warware, ƙarfen ya haɗa da yatsunsa. Uku suka tafi. Manaja da kansa ya kai shi asibiti, bayan mako guda kuma ya miƙa masa wasiƙar sallama. Izinin zamansa a ƙasar yana ɗaure da aikin ne. Aka ba shi kwana talatin ya bar ƙasa.

"Allah Ya rage mana," in ji wani a benci. "Da ma sun cinye mana aiki."

Goggo, tsohuwar da ta fi kowa daɗewa a wajen ninki, ta ja ni gefe. "Ke 'yar ƙasa ce. In an ɗaura muku aure kafin wa'adin ya cika, ba mai korarsa. Ki je ki roƙi mahaifinki."

Roƙon da na yi ke nan, amsar da na samu ke nan.

Washegari na sami Ticha a ƙofar gidan hayar da yake zama da wasu baƙi biyar, hannunsa naɗe da bandeji.

"Mu je kotu a ɗaura," na ce. "Baba zai huce daga baya."

"In bai huce ba fa?"

"Zan jure."

Ya girgiza kai. "Sanyin idona, ni na san yadda rasa gida yake. Ba zan ja ki cikinsa ba."

"To ni ka bar ni da wa? Can da za ka koma fa har yanzu harbi ake yi..."

"Ki ci gaba da roƙonsa. Uba ne. Ina jira."

Na roƙa. Na turo ƙanin Umma, na turo limamin unguwa. Duk wanda ya zo, magana ɗaya Baba ke maimaitawa.

"Cewa za a yi don takarda ya aure ta. Shekara talatin ina wanke sunan baƙo daga ƙofar gidan nan, sai yanzu da aka fara gaishe ni a layi za ku dawo min da shi?"

Umma ba mai yawan magana ba ce. Sai ranar kwana na ashirin da shida ta ajiye tsintsiya a tsakar gida, ta dube shi.

"Malam, ranar da ka zo neman aurena, takalminka ma ba iri ɗaya ba ne. Dangina kaf sun ce don takarda kake so na. Mahaifina ya ce shi mutum ya gani. Da ya yi maka abin da kake yi wa yaron nan, da yanzu kana ina?"

Baba ya tashi ya shige ɗaki. Kwana biyu ko abincin kirki bai ci ba. A safiya ta uku ya fito cikin rigarsa ta zuwa ɗaurin aure, ya ce, "Auta, kai ni wajensa."

Tun jiya wayar Ticha ba ta shiga, amma ban kawo komai a raina ba. A hanya har ina riga Baba sauri.

Wani abokin zamansa ne ya buɗe mana. Da ya gan ni sai ya sunkuyar da kai.

"Jami'an shige da fice sun zo jiya da hantsi, sun tafi da shi. Sun ce daga ranar da ya ji rauni ake ƙirga kwanakin, ba daga ranar wasiƙa ba. Ya roƙe su ya kira ki, suka karɓe wayar."

"Amma saura kwana biyu..." Abin da na iya faɗa ke nan.

"Ya ce in gaya miki kada ki riƙe mahaifinki a zuciya."

Baba ya wuce ni ya shiga ɗakin. Katifu shida ne a ƙasa, ɗaya an naɗe ta an jingine. A kan taga akwai ragowar bandeji da kwalbar maganin da bai samu ɗauka ba. Baba ya daɗe yana kallon kwalbar, sannan ya zauna a kan simintin, da babbar rigarsa da komai.

"Wa zai wanke masa ciwon a hanya?" ya tambaya, ba tare da ya dubi kowa ba. Sai ya ɗago, hawaye na bin gemunsa. "Na makara, Auta."

Na so in ce ba komai. Bakina ya ƙi.

Sau ɗaya Ticha ya kira, bayan kwana tara, da wayar wani direba a bakin iyaka. Ya ce hannun ya kumbura amma da sauƙi. Baba ya karɓi wayar, ya ce, "Ɗana, na ba ka ita. Ka yafe min." Ban san ko ya ji ba, domin layin ya katse.

Wata bakwai ke nan. Duk Litinin Baba na zuwa ofishin masu neman waɗanda suka ɓata, ya bi layi tare da baƙi, ya dawo hannu rabbana. Ni kuma in na dawo daga aiki, a ƙofar gida nake tarar da shi.

"Ya kira?"

"A'a, Baba."

Sai ya matsa min in wuce.