Rigar da Ramla Ta Ɗinka

Ma'azu yana tsugune a tsakar gida yana goge koriyar rigarsa ta ƙwallo da dutsen guga, Inna kuwa tana tankaɗe tana hararar sa ta gefen ido.

"Rigar balo ɗai aka yi ma wanga guga? Ko rigar Idi ba ta samu haka ba!"

"Inna, Ramla ta ɗunka ta hwa."

Ramla tela ce, ɗiyar Malam Illa a Tawa. Ita ta ɗinka masa rigar da launin ƙungiyar ƙwallon garinsu Kalfu, ta zana sunansa a baya da farin zare. Tuni magabatansa suka kai gaisuwar neman aurenta, aka ce su dakata a gama bincike. Wanda aka ɗora wa binciken kuwa Kawu Muktari ne, yayan mahaifiyarta, mutumin da ko liman aka ba shi ya bincika sai ya samo masa aibi.

Bai gama gugar ba wayarsa ta yi ƙara.

"Ma'azu, Kawu za shi estad kallon balo yau," in ji Ramla, muryarta ƙasa-ƙasa. "Ya ce can za shi ganin halinka, in anka ci ekip ɗinku ta Kalfu. Don Allah ko an zage ka kak ka tanka! In yag gan ka cikin rigima, magana ta mutu."

"Awa gunki za ni zamna, wallahi."

A filin ƙwallon Tawa, ɓangaren rana aka ba baƙi, bayan shingen waya. Masu gida suna can inuwa da gangunansu, suna ta tsiya: "'Yan ƙauye, kun taho da hura?" Ma'azu ya hango farar hular Kawu a tsakiyarsu, sai ya cusa hannuwansa tsakanin gwiwoyi ya yi tsit. Da Kalfu ta fara jefa ƙwallo a raga, abokansa suka tashi kamar za su tsaga sama, shi kuwa "Alhamdu lillahi" kawai ya ce. Har na kusa da shi ya tambaye shi ko zazzaɓi yake yi.

Tawa ta rama. Ana dab da tashi, alƙalin wasa ya ba masu gida bugun daga kai sai mai tsaron gida, a kan laifin da Ma'azu har yau bai gan shi ba. Ƙwallo ta shiga, aka busa tashi. Zuciyarsa ta yi ƙuna, amma ya haɗiye.

Wasu samarin ɓangarensu ba su haɗiye ba. Ƙofar fita tana kusa da su, alƙalin na zuwa wucewa suka rufe shi da jifa. Dutse ya same shi a goshi, ya kife, jini ya wanke masa fuska. Jandarmomi suna can nesa.

Ma'azu ya dubi farar hula, ya dubi mutumin da ke ƙasa. Ya san sarai daga can inuwa ba za a bambanta mai duka da mai ceto ba. Ya tuna muryar Ramla, ya ji kamar ya fashe da kuka. Sai wani dutsen ya sake sauka.

Ya tsallake waya.

Ya kifa kan alƙalin, duwatsu na sauka a bayansa, yana ihu: "Ku bari! Ku ji tsoron Allah!" Ya tuɓe rigarsa ya ɗaure masa kai da ita. A haka jandarmomi suka iso da kulake, suka kwashe duk wanda suka samu a cikin fili, har da shi.

Washegari da aka sake shi, Ramla ta kira tana kuka.

"Kawu ya ce da idonai yag gan ka! Ba riga, jini ga hannu, ana tura ka mota!"

Ya faɗa mata yadda aka yi.

"Ni na yarda da kai, amma wa ka saurare na? Baba ya ce ba shi ba ɗiyatai ɗan jifa."

Magabatansa suka je ba da haƙuri, aka sallame su daga ƙofa. Samarin Kalfu kuma suka daina gaishe shi, wai ya kare wanda ya cuce su. Abin ya yi masa ciwo ƙwarai. Wani lokaci yana cikin yankan gero sai ya tsaya ya tambayi kansa: da ya zauna kamar gunkin da ya ce, da yanzu an sa rana. Amma duk sanda ya tuna fuskar nan cikin jini, sai ya ga ko yau aka sake, tsallakawa zai yi. Ya bar wa Allah, ya ci gaba da aikinsa.

An gama ɗaure damman gero, sai ga saƙo: Malam Illa na kiransa.

A zaure ya tarar da Malam Illa, da Kawu Muktari, da wani siririn dattijo mai tabo a goshi. Koriyar rigar tana ninke a kan tabarma.

"Shi na!" in ji dattijon. Malam Sidi ke nan, alƙalin wasan. Da ya warke ya shiga neman mai rigar, ya je tashar motocin Kalfu da sunan da ke bayanta, direbobi suka ce ya kai ta gidan Malam Illa, ɗiyarsa ce ta ɗinka.

Kawu Muktari ya dubi Ma'azu.

"Yaro, ka san ina kallon ka ran nan?"

"Na sani, Kawu."

"Kuma kat tsallaka?"

"Jininai na zuba, Kawu."

Kawu ya juya ga Malam Illa. "Idona ya gani, amma daga nesa yag gani. Ni niy yi kuskure. A sa rana."

Daga bayan ƙyaure aka ji shessheka, sannan guɗar uwar Ramla ta cika gidan.

Mai kirki na gaskiya shi ne wanda zai yi abin da ya dace ko da zai ɓata shi a idon masu kallo, sannan ya yi haƙuri har gaskiya ta fito. Tabon jinin bai fita duka daga rigar ba. Ramla ta ce za ta ɗinka masa sabuwa, Ma'azu ya ce a bar masa wannan.