Malam Ban-Sani-Ba

Da rana tsaka Zulaihatu ta fara ganinsa, a bakin gonar raken babanta da ke Dandamisa. Ta kawo wa masu saran rake abinci, sai ga wani dogon saurayi tsaye a kan kunya, ya ɗaga waya sama yana jujjuyawa, ya kalli gabas ya kalli yamma, sai ka ce wanda akuyarsa ta ɓace a sama.

"Malam, in sabis kake nema sai ka hau tudun can," in ji ta, tana danne dariya.

Ya juyo a daburce, har wayar ta kusa suɓuce masa. "Ba sabis nake nema ba. Duhu nake nema."

"Duhu? Da wannan ranar?"

Nan ya tsaya yi mata bayani, hannu na aiki baki na aiki. Sunansa Huzaifa, yana koyar da kimiyya a wata sakandare a Kudan. Nan da sati shida wani ƙaton dutse mai yawo a sararin samaniya zai gifta ta gaban wata 'yar ƙaramar tauraruwa, ya tare ta na 'yan daƙiƙu. Inuwarsa za ta ratso ƙasa siririya, daga wajen Ikara ta biyo ta Makarfi. Shi da abokansa za su rarrabu a wurare daban-daban da madubin hangen nesa, kowa ya auna tsawon lokacin da tauraruwar ta ɓace a inda yake, in an haɗa sai a gane girman dutsen. Wurin da babu fitila babu dogayen itatuwa yake nema.

"To a gonarmu za ta ɓace?"

"Ban sani ba."

"Dutsen ya kai garinmu girma?"

"Ban sani ba tukuna."

"Kai Malam, me ka sani ne? Sunana fa?"

Ya sosa ƙeya. "Shi ma ban sani ba. Amma shi na fi son in sani."

Ta ja mayafi ta rufe baki ta wuce. Sai da ta yi nisa ta waiwayo ta jefa masa sunan, shi kuwa ya cafe kamar ya samu kujerar Makka. Tun daga ranar ta raɗa masa Malam Ban-Sani-Ba.

Huzaifa ya dawo washegari wai bai gama auna wurin ba. Ya dawo jibi ma. Gona dai ba ta ƙaru ba, ba ta ragu ba, amma aunawa ta ƙi ƙarewa. A zuwa na huɗu ya samu lambar waya, saƙonni suka fara zirga-zirga tsakanin Kudan da Dandamisa.

"Tauraruwata, yau na shiga aji zan koyar da hasken rana, na rubuta sunanki a allo ban sani ba. Yara suna ta dariya."

"Allah ya shirye ka, Malam Ban-Sani-Ba. Ka ci abinci kuwa? Na ajiye maka mazarƙwaila mai zafi, in ba ka zo ba ƙudaje su riga ka."

Son shi ya kama ta da gaske, ba ta kuma ɓoye wa kanta ba. Ta soma ƙona miya, ta soma zuba gishiri sau biyu, har mahaifiyarta Inna Kulu ta gane tun ba a gaya mata ba.

Kalma guda ce ta ɓata komai. Ranar da Huzaifa ya je gaishe da Malam Ja'afaru Maiwada, mahaifin Zulaihatu, ya durƙusa a zaure aka yi doguwar gaisuwa, aka tambayi gida da aiki da mutanen Kudan. Sannan dattijon ya ce, "To samari, me za ka yi a gonata da dare?"

"Taurari zan duba, Baba."

"Duba?"

"E, Baba. Na daɗe ina dubawa."

Malam Ja'afaru ya janye ƙafarsa ya gyara zama. A saninsa mai duba ɗaya ne, wanda ke zana ƙasa yana gaya wa mutane gaibu. Huzaifa, bawan Allah, bai lura ba, har da ƙarawa da cewa ya san rana da sa'ar da tauraruwar za ta ɓace.

Akwai kuma mai zuga wuta a gefe. Sada, ɗan wan Malam Ja'afaru, ya daɗe yana kallon Zulaihatu a matsayin tasa, ko da yake bai taɓa tambayarta ba. Shi ya kai rahoton cewa ya ga takardu a jakar malamin, duk zane-zane da lambobi irin na hatimi.

Da yamma Malam ya kira 'yarsa. "Ba zan haɗa zuri'a da ɗan duba ba. Kada in sake ganin ƙafarsa a ƙofar gidan nan."

"Baba, wallahi ba irin wannan dubar ba ce."

"Ya ce tauraruwa za ta mutu ran Talata bayan isha'i. In ta mutu, boka ne. In ba ta mutu ba, maƙaryaci ne. Wanne zan ba ki a ciki?"

Gaba kura baya siyaki. Zulaihatu ta koma ɗaki ta zauna, ta tashi, ta leƙa tsakar gida, ta dawo. Sati biyu ta yi a haka, abinci sai Inna ta tsare ta, kaɗin audugarta kuwa ko sau ɗaya ba ta taɓa ba. Tsoro take ji ƙwarai, don ta san babanta ba ya magana biyu. Daga ƙarshe ta tura wa Huzaifa saƙo.

"Baba ya ce in ta ɓace kai boka ne, in ba ta ɓace ba kai maƙaryaci ne. Ni yanzu ban san wace addu'a zan yi ba. Ka ce ka fasa kawai, ka je wata gonar."

Amsa ta daɗe ba ta zo ba, ta duba wayar ya fi sau ashirin.

"Zulai, in na gudu na tabbatar masa da zarginsa. Ba zan yi masa ƙarya don in same ki ba, ba kuma zan iya haƙura da ke ba. Ki roƙa mini shi abu ɗaya: ya zo ya tsaya kusa da ni ranar."

Ran Litinin da magariba ta kai wa Malam buta, ta durƙusa ba ta tashi ba. Can gabas taurarin da ake kira Kaza da 'Ya'yanta sun fara leƙowa.

"Baba, ba kai ke cewa in Kaza ta faɗi yamma da magariba, a gyara garma, ruwa ya kusa ba? Wannan duba ce?"

"Ke, kada ki haɗa ni da shi. Kaza kowa na ganinta da idonsa."

"To shi ma abin da yake roƙo ke nan, Baba. Ka gani da idonka."

Inna Kulu daga bakin murhu ta ce, "Malam, gani ya kori ji." Dattijon ya yi tsaki ya ɗauki butarsa, amma bai ce a'a ba.

Talata bayan isha'i suka hallara a bakin gona. Huzaifa ya kafa madubinsa a kan ƙafafu uku. Inna da Zulaihatu suna daga baya, Sada kuma ya zo a babur ya haske wurin da fitila kamar mai neman ɓarawo.

"Don Allah a kashe fitilar, tana kashe ido," in ji Huzaifa.

"Ka ji ko, Baffa? Aikinsu sai a duhu," in ji Sada.

"Kashe," in ji Malam. "Mu ga ƙarshen abin."

Huzaifa ya saita madubin, ya leƙa, ya sake leƙawa. Sati shida yana jiran daren nan, madubin kuma ido ɗaya yake ɗauka. Ya ja da baya.

"Baba, bisimilla. Kai za ka kalla."

"Kai fa?"

"Ni na yarda da idonka."

Ya nuna masa taurari uku a jere a cikin madubin, ya ce ta tsakiyar ce. In ta ɓace ya ce ta tafi, in ta bayyana ya ce ta dawo. Ya miƙa wa Inna wayarsa ta ba Zulaihatu, wayar tana ɗaukar murya tana kuma nuna agogo har da daƙiƙa.

Malam ya sunkuya ya manna ido. "To faɗa mini, za ta tafi ko ba za ta tafi ba?"

"Lissafi ya ce ƙarfe takwas da minti sha huɗu da daƙiƙa ashirin, ta yi daƙiƙa huɗu. Amma ko inuwar za ta biyo ta gonar nan, wallahi ban sani ba, Baba. Da na sani da ban zo ba."

Zulaihatu ta ƙura wa agogon ido. Sha takwas, sha tara, ashirin. Shiru. Ashirin da ɗaya, ashirin da biyu. Sada ya yi gyaran murya irin ta mai shirin dariya. Zulaihatu ta riƙe zanen Inna.

"Ta tafi!" Malam ya ɗaga murya. "La ilaha illallahu, ta tafi!"

Babu wanda ya motsa. Ganyen rake kaɗai ke ƙara.

"Ta dawo!"

Huzaifa ya karɓi wayar, ya mayar da muryar baya ya saurara, ya sake saurara yana ƙirga da yatsu. Sai kawai ya daka tsalle kamar ƙaramin yaro.

"Alhamdu lillahi! Lissafin ya kuskure! Ta makara da daƙiƙa biyar, kuma bakwai ta yi ba huɗu ba. Baba, wataƙila dutsen nan ya fi yadda ake zato girma!"

"Kun ji da bakinsa," in ji Sada. "Ya kuskure."

Malam Ja'afaru ya miƙe a hankali yana dafe da ƙugu. "Tsaya, yaro. Murna kake yi don ka kuskure?"

"Ai kuskuren muka zo nema, Baba. Yanzu za a gyara lissafin da abin da idonka ya gani."

Dattijon ya jinjina kai. "Shekarata sittin da uku. Na ga masu duba iri-iri. In maganarsu ta tashi sai su ce an karya musu asiri, ko ba a cika sharaɗi ba. Ban taɓa ganin wanda ya ce bai sani ba, balle ya yi tsallen murna don ya kuskure." Ya juya. "Sada, tada babur ɗinka, ka gaida gida."

Da ƙarar babur ta yi nisa, ya sake fuskantar Huzaifa.

"Saura tambaya ɗaya. Taurarin naka sun gaya maka ko zan ba ka Zulaihatu?"

Huzaifa ya durƙusa a kan kunya. "Ban sani ba, Baba."

"To ni na sani. Ka turo magabatanka ran Juma'a."

Zulaihatu ta cusa fuska a kafaɗar Inna tana kuka tana dariya. Inna ta ce, "Ke tafi can, sati biyu kin hana ni sakat."

Bayan an gama saran rake aka ɗaura aure a ƙofar gidan Malam, mutanen Kudan mota uku, aka raba goro da dabino da mazarƙwailar gidan amarya. Rahoton da Huzaifa ya aika wa abokan aikinsa kuwa, a gurbin sunan wanda ya gani, Ja'afaru Maiwada na Dandamisa aka rubuta, kuma har yau Malam bai gaji da ba da labarin daƙiƙa bakwai ɗinsa a majalisa ba.

Da za a kai amarya Malam ya dafa kanta. "Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zaman lafiya da zuri'a ɗayyiba. Ki riƙe shi da kyau, Zulai. Mijin da ke iya cewa bai sani ba, ba zai yi miki ƙarya ba."

A mota wayarta ta yi ƙara a cikin mayafi.

"Amaryata, yau dai akwai abin da na sani."

Ta share hawaye da gefen lulluɓi ta rubuta, "Sai ka bari in iso in ji, Malam."