Inda Jirgin Baba Ya Kwanta

"Fita mini daga gida."

Mama ba ta ɗaga murya ba. Cokali kawai ta ajiye, ta ture farantin kifin gaba.

Magnus ya dube ni, bakinsa a buɗe. Ni kuwa tun da ya ambaci jan dutse na san za a yi haka.

Ranar ce zuwansa na farko gidanmu a matsayin mai nemana. A garinmu Inverkell masunci ba ya zuwa gidan su budurwa hannu rabbana, don haka ya zo da ƙaton kifin kod. Mama ta soya da dankali, ta ci, har ta yaba. Sai ta tambaye shi inda ya samo mai ƙiba haka.

"Wani nutsattsen jirgi ne, Mama," ya ce yana murna. "Idan ka jera hasumiyar coci da jan dutse ka miƙe arewa. Kifi kamar ka ɗiba da hannu. Har mamaki nake babu mai zuwa wurin."

Babu mai zuwa, domin jirgin Baba ne.

Sunan jirgin Elspeth Ann, sunan Mama Baba ya sa masa. Ina firamare ya nutse da Baba da abokan aikinsa, ko gawa ɗaya teku ba ta dawo mana da ita ba. Jirgin shi ne kabarinsu. Duk jirgin garinmu da ya bi ta wurin sai ya kashe inji, a cire hula, a wuce. Ba a jefa ƙugiya a can. Ba a kuma zancen, kowa da saninsa ya tashi. Magnus kuwa bara ya zo daga tsibirin Orkney.

"Kifin kabarin mijina ka ciyar da ni," Mama ta ce, ta tashi da sauri ta nufi banɗaki.

Na bi shi waje. Iska tana ta kaɗa shanya.

"Wa ya nuna maka wurin?"

"Ailsa, rabin raina... ban sani ba. Na rantse ban sani ba."

"Na ce wa ya nuna maka?"

Ya sunkuyar da kai. "Kin san kyaftin ba ya faɗin wanda ya ba shi wuri. Kuma ni na jefa ƙugiyar, ba wani ba."

Maza da al'adunsu na banza. Aurenmu yana tangal-tangal, shi yana rufa wa wani asiri. Na rufe ƙofa ban ce masa sai da safe ba.

Da zan samu da na kwanta na yi ta kuka har sati ya zagayo. Ina na ga ta kuka? A shagon kayan kamun kifi na bakin tashar jiragen ruwa nake aiki, kuma ni ke shirya wa ƙungiyar direbobin bas na Glasgow fitarsu ta shekara. In nemo jirgi, in nemo masauki, in tanadi tana da dalma, in yi ta kallon hasashen yanayi kamar ni ke juya iska. Wannan ya ce matarsa ta hana, wancan ya ce zai taho da surukinsa, shugabansu Rab kuma kullum yana kan waya.

"'Yar nan, bana fa manya muke so. A kai mu kan nutsattsun jirage, ba a yi ta yawo da mu a kan yashi ba."

"To, Baba Rab."

Bana jirgin Magnus na kama musu, tun kafin wannan abu. A da na Dougal suke hawa. Dougal ɗan gari ne, tare muka yi makaranta, ya nemi aurena har ya gaji da jin a'a. Kwana kaɗan bayan abin ya shigo shago yana taɓa wannan yana taɓa wancan.

"Na ji abin da baƙonki ya yi. Kai, abin ba daɗi." Ya girgiza kai. "Jirgina yana nan fa, Ailsa. Ni ma ina nan."

"Za ka sayi wani abu ne, ko in ci gaba da aikina?"

A gida Mama ta daina yi mini doguwar magana. Tana zaune a kicin kusa da tsohuwar oba-obar Baba, wadda ba ta taɓa kashewa ba. Tana nan a kan layin da su Baba suke hira a zamaninsu, layin da yanzu ba mai hawa, sai shuuu kawai take yi. Ta cikinta Mama ta yi masa magana ta ƙarshe. Ta ce hadari ya haɗo, ya juyo gida. Ya ce bari ya ƙara jan taru sau ɗaya. Har yau ba ta san ko ya ji maganarta ba, abin da ke cinta ke nan.

"Ko Magnus ko ni," ta ce mini ba tare da ta juyo ba.

"Mama, na gaji."

"Ni ma na gaji, Ailsa. Na riga ki gajiya."

Ana gobe fita mataimakin Magnus ya ajiye aiki, wai ba zai ƙara taka jirgin da ya taɓa kabari ba. Kowa na tambaya sai ya kawar da kai. Ga mutane sun riga sun kamo hanya daga Glasgow. Ni da rabona da hawa teku tun rasuwar Baba, na ɗauko rigar ruwa na ce ni zan yi.

Mama ta ga rigar, ta juya mini baya.

Da safe muka fita, bayan sauran jirage sun tafi. Magnus ya rame, gemu ya cika masa fuska. Ya miƙo mini hannu zan hau, na hau da kaina.

Wunin nan kada Allah Ya maimaita. Magnus ya jera jirgi a kan nutsattsen jirgi na farko, ya danna ƙaho kowa ya saki fatsa, ruwa ya ja mu muka wuce ta kai, ya sake danna ƙaho kowa ya naɗe. Babu komai. Muka koma, muka sake. Ƙugiyoyi suna maƙalewa a ƙarfe suna tsinkewa, zare yana harɗewa da zare, ni ce mai warwarewa da daskararrun yatsu. Surukin nan da aka taho da shi tun fitarmu yake rungume da bokiti. Jirgi na biyu, na uku, duk kanwar ja ce, sai 'yan ƙanana da ake mayarwa ruwa.

"Kyaftin," Rab ya ce, "ko kifin nan ma yajin aiki suke yi?"

Aka yi dariyar da ba ta kai ciki ba.

Na shiga ɗakin tuƙi in haɗa musu shayi. Ina tsaye bayan Magnus oba-oba ta yi ƙara.

"Magnus, Dougal ne. Koma layin tsofaffi, mu yi magana ba 'yan sa ido."

Magnus ya waiwayo ya dube ni, sannan ya murɗa zuwa layin su Baba.

"Na ji ka yi wunin banza," muryar Dougal ta fito har da dariya. "Kai su wurin da na ba ka mana. Ai ka riga ka ɓata da gari, me ya rage? Ko ba komai ka koma Orkney da sunan wanda ya iya kamu."

Na dire butar shayi.

Rab ya leƙo ta ƙofa. "Wane wuri ne wannan? Akwai kifi ka hana mu?"

Magnus bai kula shi ba. Ya danna maɓalli, muryarsa a gajiye.

"Dougal, ka ci nasara, ka bar ni haka. Ko jirgina zai ruɓe a tasha ba zan ƙara jefa ƙugiya a kan mutanen nan ba. Na rasa Ailsa, na sani. Amma mahaifinta ne a ƙasan nan."

Sai shuuu.

Can wata murya ta shigo, siririya, tana rawa.

"Dougal. Elspeth ce."

Muryar Mama ce.

"Na ji ka da kunnena. Kawunka ma yana cikin jirgin nan, ko ka manta? Ranar Lahadi zan samu uwarka a coci."

Ba mu ƙara jin ko tarin Dougal ba.

"Magnus," Mama ta ce. "'Yata tana wurinka?"

"Tana nan, Mama."

"Kuna nesa da jirgin mijina?"

"A hanyarmu ta komawa yake. Zan kewaye."

"Kada ka kewaye. Ka kai ta."

Na fita na gaya wa su Rab abin da ke nan, a taƙaice. Rab ya dube ni ya daɗe. Sannan ya juya ga mutanensa.

"Kowa ya naɗe fatsarsa. Wanda na ga hannunsa a kan ƙugiya, da ƙafa zai koma Glasgow."

Da hasumiyar coci ta jeru da jan dutse, Magnus ya kashe inji. Direbobin nan da suka wuni suna mita suka cire huluna ɗaya bayan ɗaya, har da mai bokiti. Ruwa kawai ke bugun gefen jirgi.

"Zo ki gani, idan za ki iya," Magnus ya ce a hankali.

A allon na'urar da ke nuna ƙasan teku na gan shi. Dogon abu a zaune a kan yashi, kifi sun yi masa rumfa. Tun ina yarinya nake ganinsa a mafarki, a kife, a farfashe. Ashe yana nan cif. Na kama hannun Magnus ban san na kama ba, na yi kukan da na daɗe ban samu lokacinsa ba.

"Magnus..." muryar Mama ta dawo. "Kai kaɗai ka taɓa tsayawa ka dube shi. Yaya yake kwance?"

Ya ƙura wa allon ido, ya dubi kamfas, ya sake duban allon.

"A miƙe yake zaune, Mama, bai kife ba." Ya ɗora yatsa a kan allon. "Gabansa yana kallon gida."



"Ashe ya juyo," Mama ta ce. "Ashe ya ji ni."

Da muka iso tasha tana tsaye da tsohuwar rigar sanyin Baba, ita da ko hanyar tasha ba ta bi. Su Rab suka sauka da akwatunan ƙanƙararsu wayam, kowa ya wuce ta gabanta hula a hannu. Rab ya ce mini in kama musu jirgin nan baɗi.

Mama ta dubi Magnus sama da ƙasa.

"Ka rame, ɗan nan. Ka zo gida ka ci abinci." Ta gyara wuyan rigarta. "Amma ba kifi ba."

Kafin sanyi ya shigo aka ɗaura mana aure a cocin nan mai hasumiya. Naman rago aka ci. Da muka biya ta gida da yamma in ɗauki kayana, na tsaya a kicin ina jin wani abu ya canza, na rasa mene ne.

Mama ta kashe oba-obar.