Murfin da Turid Ba Ta Cire Ba

Kwanaki ke nan Borghild tana yawo da ɗan gwangwanin fim a aljihun rigar girkinta. In tana gyaran kifi tana jin sa yana taɓa cinyarta, in ta sunkuya hura murhu sai ta dafe shi kada ya faɗo. Abu ne da za a rufe a tafin hannu, amma ya hana ta jin daɗin abinci, ya hana ta sakewa da 'yarta. Ga yadda abin ya faro.

Mijinta Oddvar masunci ne, kuma ban da jirginsa ba abin da yake ji da shi kamar kyamarar da ya sayo a Hamburg tun yana saurayi. Irin ta da ce, wadda ido ke leƙawa ta wata 'yar taga a sama, ba ta gilashin gaba ba. Aibinta ke nan. Ko murfin gilashin yana rufe, ta tagar nan mutum zai ga duniya tar, ya yi ta dannawa yana murna, alhali duhu yake ɗauka. Shi ya sa Oddvar ya kafa doka a gidansa: duk wanda zai ɗauki hoto, sai ya cire murfin ya miƙa wa Borghild ta riƙe.

Kowace shekara, ranar da rana za ta yi leƙowarta ta ƙarshe kafin duhun hunturu ya rufe tsibirinsu na can ƙarshen arewa, inda rana kan ɓace makonni ba ta fito ba, sukan hau bayan gida su zauna a gindin babban dutse, su sha kofi, su yi mata bankwana. Oddvar ne mai ɗauka kullum, don haka ba shi a hoto ko ɗaya sai na ranar aurensu. Bana 'yarsu Turid, wadda ta fara zama budurwa, ta ƙwace kyamarar ta ce yau sai an ɗauke shi.

"Wannan fuskar za ki ɗauka? Gilashin zai tsage," in ji shi.

"Baba, ka tsaya wuri ɗaya mana, rana za ta tafi."

Bai tsaya ba. Ya karkace hula, ya cusa lofe a kunne, ya rungumo Borghild har kofi ya zube mata a safar hannu. Turid tana dariya tana dannawa cikin sauri, har jan hasken ya nutse bayan tsauni.

Ba a jima ba jirginsa ya fita bai dawo ba. Teku ba ta mayar da komai ba, ko hular. Borghild ta rataye kyamarar a ƙusa kusa da taga, da fim ɗin a ciki, ta hana kowa taɓa ta. "Babanki yana nan ciki," ta ce wa Turid. "In rana ta dawo mu aika birnin Tromsø a wanke."

Wata la'asar, shuɗin hasken tsakar rana ya riga ya mutu, Borghild tana soya wainar kifi, Turid tana saƙa a gefen murhu. Iska ta kwanta. Har kukan tsuntsayen teku babu. Sai wani abu ya faɗo a kan rufi, ya gangaro a hankali, ya tsaya. Can wani ya biyo shi. Borghild ta ɗauki fitila ta fita. Dusar ƙanƙara ta lulluɓe tsakar gida lumui, ba sawun mutum, ba na dabba, amma ga duwatsu a bakin ƙofa, baƙaƙe, da ɗumi kamar an ciro su daga hammata.

Da ta koma ciki, sai ta tarar da Turid tsaye a ƙarƙashin ƙusar, ta manna kunne a jikin kyamara.

"Me kike yi?"

"Mama, kuka yake yi."

Daga ranar gidan ya sauya. Da zarar hasken nan ya dusashe sai jifa ta fara. Daga ƙarƙashin katakon daɓe ana jin murya siririya tana kiran wani suna da kunne ba ya iya riƙewa, irin kiran da uwa ke yi wa ɗanta in abinci ya huce. Turid ta daina ci. Ta rame, idanunta suka faɗa, kuma ko an kwantar da ita sai a same ta tsaye a ƙarƙashin ƙusar. Likita ya zo ya duba ta, ya ce baƙin cikin rashin uba ne, ya bar ƙwayoyi.

Gunvor, yayar marigayin, ta zo ta tsaya a bakin ƙofa, ta ƙi cire takalmi balle ta zauna.

"Mutanen ɓoye ne, kin sani na sani. Ki kwaso yarinyar ku dawo wurinmu, ki bar musu gidan."

"Gidan da Oddvar ya kafa da hannunsa? Su dai su ƙaura."

"Taurin kan nan naki, Borghild, shi zai kai ki."

"Ya kawo ni nan lafiya. In duwatsu ne suka yi musu yawa, da ma katangar lambuna ta rushe."

Kuma haka ta yi. Kullum sai ta tsince duwatsun a bokiti ta jera su a gefen lambun dankali, tana yi tana magana da ƙarfi don masu ji su ji: "Na gobe a turo manya, waɗannan ba sa zama." Amma in ta shiga ɗaki sai ta ga wuyan hannun 'yarta ya koma kamar sillen kara. Ranar da Turid ta dube ta ba ta gane ta ba, ranar ta aika wa Aslak.

Aslak tsoho ne daga ƙetaren ruwa, mai karatu a kan marasa lafiya, wanda ake cewa yana tsayar da jini da addu'a. Ya iso a jirgin wasiƙu. Bai tambayi komai ba sai da ya sha kofi, da ƙwayar sukari a tsakanin haƙoransa. Sannan ya zare wuƙarsa ya ajiye a dokin ƙofa, don mutanen ɓoye ba sa tsallake ƙarfe, ya cire hula, ya dafa kan yarinyar, ya shiga karatu ƙasa-ƙasa.

Wutar murhu ta lafa. Sanyi ya taso daga daɓe. Turid ta ɗago kai, kuma muryar da ta fito ta tsohuwar mace ce, busasshiya, kamar ana jan tsakuwa a kan allo.

"Ɗauke hannunka, ɗan makiyaya. Ba da kai nake ba."

"Da wa kike?" in ji Aslak.

"Da matar mai kifi. Ɗana yana cikin akwatin can. A kai shi gindin dutse a farfasa."

Borghild ta matso har gwiwarta ta taɓa ta 'yarta. "Ga ni. Ba za a fasa ba. Mijina yana ciki."

Abin ya yi dariya da bakin Turid. "Wane mijin? Ba kowa a ciki sai ɗana. Ranar nan ya fito kallonku, hasken ƙarshe ya dake shi, ya nemi wurin ɓuya. Bai ga duhu ko'ina ba sai a bayan murfin nan. Yarinyarki ta danna, ƙofa ta buɗe, ya faɗa ciki. Ta yi ta dannawa tana dariya. Murfin yana kai daga fari har ƙarshe."

"Kada ki ɗauki maganarta," Aslak ya ce. "Ƙarya ba ta yi musu wuya."

Borghild ta koma ranar a zuciyarta. Hannunta na dama yana riƙe da butar kofi. Na hagu yana kafaɗar Oddvar. Ta laluba, ta sake lalubawa, ba ta tuna an miƙa mata komai ba. Shekara da shekaru ita ce mai riƙon murfi, ran nan kaɗai aka bar hannunta.

Ta ji kamar yau ne jirgin ya nutse. Amma ba ta yarda hawaye ya fito a gaban baƙuwar ba.

"To na ji," ta ce. "Ba ya ciki. Duk da haka ba za a fasa ba, don zanen yatsunsa yana jikinta. Kuma ke, da kike uwa, kin san zafin ɗa, shi ne kika zo kika zauna a cikin tawa kina cinye ta? Ba ki da baki ne? Da kin ƙwanƙwasa ƙofa kamar mai mutunci da tuni an gama."

"Na ƙwanƙwasa. Kika yi katanga da shi."

Aslak ya yi tari, ya kau da kai.

"Ga abin da za a yi," in ji Borghild. "Zan sauka rumbun dankali na ƙarƙashin ƙasa, inda ba haske ko na allura, in buɗe bayanta da hannuna. Ki karɓi ɗanki. Amma sai kin fita daga 'yata tukuna."

"Ki buɗe tukuna."

"Ki fita tukuna. Ni bazawara ce, ba inda za ni, sai mu kwana a haka har rana ta dawo. Ke kika san abin da hasken bazara zai yi masa in ya shigo ta tagar can."

Ana jin ƙanƙara tana tsagewa a bakin teku.

"In kika saɓa fa?" in ji muryar.

"Aslak shaida ne. Ya ɗauke wuƙarsa, ki dawo ki same ni, ni, ba ita ba."

"Kuma ba za a ƙara kai akwatin nan gindin dutse ba."

"Na yarda. Ke ma ba sauran jifa."

Aslak ya janye wuƙar daga dokin ƙofa don baƙuwar ta sami hanyar fita. Turid ta yi ajiyar zuciya mai tsawo, ta sulale a jikin uwarta, tana numfashi irin na mai barcin gajiya.

Borghild ta sauke kyamarar daga ƙusa, ta sauka rumbun ita kaɗai, ta ja murfin ramin a kanta. Warin ƙasa da dankali ya cika mata hanci. Ta laluba ta buɗe bayan kyamarar. Wani ɗan abu mai sanyi, marar nauyi, ya bi ta kan yatsunta ya sauka. A kusurwa ta ji an yi masa faɗa ƙasa-ƙasa, irin faɗan da ake yi ana rungume da yaro. Daga nan ba ta ƙara jin komai ba. Ta rufe, ta naɗe fim ɗin cikin gwangwaninsa, ta hau.

Jifa ta tsaya. Turid ta farka da yunwa, ta cinye wainar kifi har da ta Aslak, kuma ba ta tuna komai ba, ko kalma ɗaya daga abin da ya fito daga bakinta. Tsohon da zai tafi ya ce ba zai faɗa wa kowa ba, sauran kuma ya rage wa uwa.

Yanzu sama ta fara ja a kudu, ranar dawowar rana ta kusa. Kumatun Turid sun ciko. Kullum da safe sai ta tambaya.

"Mama, yaushe za mu aika? Akwai wanda ya sa lofe a kunne, shi nake so a faɗaɗa, mu rataye a nan."

"Sai jirgin wasiƙu na gaba."

"Haka kika ce wancan makon."

In ta aika, baƙi ƙirin zai dawo, kuma yarinyar ta san kyamarar nan sarai, za ta gane hannun wa ya manta. In ta jefa shi a teku ta ce ya ɓata a hanya, ta yi wa 'yarta ƙarya a kan ubanta, ƙaryar da za ta riƙe har kabari. In kuma ta ce ita ce ta buɗe shi a rumbu ya lalace, Turid za ta ɗora mata, wataƙila har abada, amma dai ba za ta ɗora wa kanta ba. Wannan na ƙarshen shi Borghild ta fi karkata gare shi, don ta ce bayanta ya saba da kaya. Sai dai duk sanda ta buɗe baki, sai yarinyar ta dube ta da idanun nan irin na Oddvar, ita kuwa ta sauya zance.

Jirgin wasiƙu zai zo jibi, kuma Turid ta riga ta rubuta adireshi a jikin ambulan. Ku da kuka haifa, ku da kuka binne, ku faɗa mata: me za ta sa a ciki?