Ɓatan Amfilifayar Alhaji

Ku yi mini afuwa tun kafin mu fara. Ni mai karatu ce kawai, ban taɓa rubuta labari ba sai yau, jita kuwa ko riƙe ta ban taɓa yi ba. In kun ga na yi tuntuɓe ku ɗauke kai, ku bi labarin.

Ranar Asabar da hantsi aka kawo ƙara wani caji ofis a Kontagora cewa an fasa sutudiyon Shamsuddeen, an ɗauke amfilifayar jita, akwatin da ke ƙara mata ƙarfin sauti. Kafin fayil ɗin ya iso teburin Sufeto Salihatu har an jefa mutum ɗaya a sel. Modibbo sunansa, makaɗin jita, ɗan makiyayan Bobi.

"Litinin da safe zai tafi kotu," in ji DPO. "Sai fa in kin kawo mini wani."

Ta ɗauki hularta, ta kira Sajan Lukuman.

Sutudiyon ɗaki ɗaya ne a bayan tsohuwar tasha, an manne bangonsa da kiret ɗin ƙwai don kada sauti ya fita. An ɓalle kwaɗon ƙofa. Shamsuddeen na tsaye yana share gumi, ko da yake fanka na juyawa.

"Wata uku muna ɗaukar albam na kiɗan rok, ranki ya daɗe. Waƙa takwas, saura ɗaya."

"Amfilifayar taka ce?"

"Ta surukina ce, Alhaji Abdulmalik. Da ita ya yi kiɗa zamanin ƙuruciyarsa, 'yar Amurka ce, mai kwalabe a ciki irin na tsohuwar rediyo. Aro ya ba ni, don darajar 'yarsa da nake aure. Yau ma ya ce zai zo ya ji abin da muka yi."

"Yaushe ka gan ta ƙarshe?"

"Alhamis da la'asar, da muka tashi. Juma'a ba ma aiki, ko leƙowa ban yi ba."

"Me ya kawo sunan Modibbo?"

"Shi ke kaɗa mana jita, kullum shafa amfilifayar yake kamar saniyar gado. Kuma an gan shi ranar Juma'a a kan babur da buhu a baya."

Sufeto ta zagaya ɗakin. Laftof na kan tebur. A ƙasa ga fedoji huɗu a jere, ƙananan akwatunan ƙarfe da makaɗi ke takawa don sauya muryar jita.

"Waɗannan suna da tsada?"

"Sosai."

"Ita kuma amfilifayar, nauyinta fa?"

"Ta kai rabin buhun siminti."

Ta sake kallon teburin. Ɓarawo ya tsallake laftof da abin da zai shiga aljihu, ya rungumi rabin buhun siminti. Ta taɓa wani baƙin akwati mai nauyi a kusurwa da takalminta.

"Wannan fa?"

"Tarkace ne. Ba ma amfani da shi."

Ta ɗauki hoton komai da wayarta, har tarkacen.

Da azahar aka fito mata da Modibbo. Dogo ne siriri, yatsunsa na hagu duk kanta. Ya zauna a bakin benci kamar wanda zai tashi.

"Ina kake ranar Juma'a?"

"Bobi. Na je gaida Inna."

"Buhun da ka ɗauka fa?"

"Dusa ce, ta shanu."

Bai kalle ta ba da ya faɗa. Ta miƙa masa wayar, ta ce ya duba hotunan ya gaya mata abin da babu. Yana turawa da yatsa, sai ya tsaya.

"Sun bar sitef-dawun?"

"Mene ne shi?"

"Wannan baƙin akwatin. Wutar Amurka rabin tamu ce, ranki ya daɗe. Sai an bi ta cikinsa ya rage ƙarfin wutar kafin a jona amfilifayar. In ka sa ta a soket kai tsaye, ko kalmar shahada ba za ka gama ba ta ƙone."

"An ce mini tarkace ne."

"Wa ya ce? Ba mu taɓa kunna ta ba shi ba, ko sau ɗaya."

A hanyar komawa ofis Sajan Lukuman ya ce, "Madam, yaron nan ƙarya yake. Wa ke ɗaukar dusa daga gari ya kai Bobi a buhu ɗaya?"

"Na sani. Je ka gano mini inda ya je."

Lahadi da safe Sajan ya shigo da wayarsa a hannu. Bidiyon wani biki ne a Auna, ranar Juma'a da yamma. Ga Modibbo a tsakiyar fili yana kaɗa jita, a gabansa wata 'yar amfilifaya mai batir, buhun da aka ɗauko ta a ciki yashe a gefe.

Sufeto ta kai wa DPO. Ya kalla, ya mayar mata.

"Wannan ya nuna maƙaryaci ne. Wa ya ce bai ɗauke waccan tun Alhamis ba? Gobe ƙarfe tara, Salihatu."

Ta sake sa aka fito da Modibbo, ta ajiye masa bidiyon a gaba.

"Ga Bobi," ta ce. "Ga dusa."

Ya sunkuyar da kai. "Mun yi alkawari ba wanda zai kaɗa waƙoƙin nan a waje kafin albam ya fito. Abokina ne ke aure, ya roƙe ni. Na ji kunyar Shamsu ya sani."

"Kunyar nan za ta kwana da kai a gidan yari. In akwai abin da ka gani ba ka faɗa ba, yanzu ne."

Ya roƙi a sake nuna masa hoton fedojin. Ya buɗe shi da yatsa biyu, ya daɗe yana kallo.

"An taɓa mini kaya."

"Ta yaya ka sani?"

"Kowane maɓalli na ɗiga masa jan farce a daidai inda nake so ya tsaya, don sautin waƙa ta farko ya zo ɗaya da ta ƙarshe. Duba wannan mai launin ruwan lemo, shi ke sa jita ta yi gurnani. Ɗigona yana nan a ƙasa, an murɗa shi har ƙarshe. Wani ya yi kiɗa bayan na tafi."

"Ɓarawo zai zauna ya yi kiɗa?"

Modibbo ya mayar mata da wayar.

"Wa ke son gurnani?"

"Ni so nake jita ta yi magana kamar molon kakana, da ɗan amsa-kuwwa. Shi kuma ya ce rok ba gurnani tuwo ne ba miya. Wata uku muna wannan gardamar."

"Shi wa?"

"Ranki ya daɗe, a gidansa nake cin abinci."

Ba ta matsa masa ba. A waje ta ce wa Sajan, "Wanda ya san amfilifayar nan ba zai tafi ya bar sitef-dawun ba. Wanda bai san ta ba, laftof zai ɗauka. Saura wa?"

"Wa, Madam?"

"Wanda ya san ta riga ta ƙone, ba ta ƙara bukatar wuta. A garin nan wa ke gyaran kaya masu kwalabe?"

"Mutum ɗaya ya rage. Baba Maikano."

Shagon Baba Maikano na cikin kasuwa, cunkushe da matattun rediyoyi har rufi. Tsohon na zaune da gilashi a kan hanci, yana narka dalma.

"Sannu da aiki, Baba. An kawo maka amfilifayar jita kwanan nan?"

"Jita? 'Yata, ni rediyo nake gyarawa. Rabona da irin wannan tun kafin a haife ki."

Sufeto ta duba teburinsa. A kan wani tsumma mai tsabta an jera kwalabe huɗu masu ƙafafun ƙarfe, a tsanake, kamar ƙwan zabi. Ba komai a shagon da aka goge wa ƙura sai su.

"Waɗannan na wane rediyo ne?"

Ya ci gaba da narka dalmarsa.

"Baba, akwai yaro a sel. Gobe ƙarfe tara alƙali zai gan shi a kan satar abin nan. Ka san yadda ake kallon ɗan ruga in an ce sata."

Tsohon ya ajiye ƙarfen dalmar. "Sata? Ba haka aka ce mini ba. Cewa ya yi in rufa masa asiri wurin surukinsa."

Ya tashi da ƙyar, ya janye wata tabarma a ƙarƙashin tebur. Ga ta nan, baƙa, an buɗe bayanta, tana warin ƙonanniyar waya.

"Juma'a bayan an sauko masallaci ya kawo ta a Keke Napep, a cikin bargo. Na ce masa taransifomar ciki ta soye, sai na sake naɗa ta da hannu, mako uku. Ya ce mako uku ya yi yawa. Na ce to ai ba ƙosai ba ne."

Da la'asar aka kira Shamsuddeen ofis, aka ce ya zo ya sa hannu a bayaninsa. Ya shigo da fara'a. Ya tarar da Modibbo a benci, Baba Maikano a kujera, abu a kan tebur an lulluɓe da bargo. Fara'ar ta tafi.

"Zauna," in ji Sufeto. "Ka ce ba ka leƙa sutudiyo ranar Juma'a ba."

"Haka ne."

"Ka ce sitef-dawun tarkace ne."

"Na ruɗe ne lokacin."

"Wannan bargon na gidan wa ne?"

Ya kalli bargon, ya kalli Baba Maikano. Tsohon ya kawar da kai. Sajan Lukuman ya yaye bargon.

Shamsuddeen ya ƙura wa amfilifayar ido. Da ya fara magana, muryarsa ƙasa-ƙasa take.

"Waƙa ɗaya kawai na so in sake ɗauka da hannuna, yadda nake jin ta a kaina, in ya dawo in kunna masa ya ji bambanci. Ina tsakiyar yi aka ɗauke wuta. Na tada janareta, na jawo istenshin, irin mai karɓar kowane fulogi. Sauri nake kada abin ya tsere mini daga ka. Na cire ta daga sitef-dawun na soka kai tsaye. Na ji tas, na ga hayaƙi."

"Sai ka ɓalle kwaɗonka da kanka."

"Alhaji zai zo Asabar. Sau uku ya ja mini kunne a kan wutar nan. Ta yaya zan tsuguna gaban surukina in ce na ƙone abin da ya adana shekara arba'in? Na ce in an ce sata ce, mako uku na yi sai in ce an tsinto ta."

"Shi kuma wannan ya yi mako ukun a ina?"

"Na ɗauka tambayoyi kawai za ku yi masa ku sake shi."

"Kai ka ba da sunansa. Kai ka kawo maganar buhu. Jiya ka kwana a gidanka, ka san inda ya kwana."

Shamsuddeen ya sunkuyar da kai. Sufeto ta ce za a tuhume shi da ba 'yan sanda bayanin ƙarya da ƙulla wa mutum sharri. Sajan ya ciro ankwa.

Sai a lokacin Modibbo ya ɗago kai.

"Shamsu, da ka kira ni ranar, da mun tafi wurin Alhaji tare na ce ni na jona ta. Ni ba surukina ba ne. Faɗa zai yi mini, ya huce."

Shamsuddeen ya tashi tsaye. Ya miƙa hannuwansa. Sajan ya tasa shi gaba zuwa bayan kanta, inda aka fito da Modibbo ɗazu.

Sufeto ta tura wa Modibbo takardar saki da biro. Ya sa hannu, ya karɓi takalmansa da bel ɗinsa, ya tsaya a bakin ƙofa.

"Ranki ya daɗe, wa zai gaya wa matarsa?"

"Ni."

"A bari in riga ki. Ta saba ganina a ƙofar gidan."

Ya fita. Ni ma mai ba ku labarin bari in bi bayansa a hankali, tun kowa na kallon fayil.